Yadda Ake Bin Sawun Azurfar Sata a Landan ta Ƙarni na 18

Ɓarawon da ya fasa gida a Landan shekara ɗari uku da suka wuce, in ya sami sarari, kayan azurfa yake fara lalube. Tufafi sai an nemo wanda za su yi wa daidai, agogo kuma yana ɗauke da lamba da sunan wanda ya ƙera shi. Cokalin azurfa kuwa kuɗi ne da aka lanƙwasa. Da an jefa shi cikin kaskon narkarwa ya zama dunƙule, ba suna ba ubangida. Mai wannan kasko shi ne ɓarawon zaune, kuma tsakanin daren da aka yi satar da lokacin da ya hura wutarsa ne kaɗai mai kaya yake da damar ganin abinsa.

Mai son bin irin wannan sawu a yau, ɗalibin tarihi ne ko mai sayen tsofaffin kaya, hanya biyu gare shi: rubutattun shari'o'in kotun Old Bailey, da kuma jikin azurfar da ta tsira daga wuta. Abin da ke haɗa hanyoyin biyu nauyi ne. Ana kankare suna, ana sauya siffa, amma oza nawa kayan suka yi abu ne da mai kaya da maƙeri da mai karɓar jingina duk suke rubutawa.

Ka fara riƙe awo da kuɗi

Azurfa ba a auna ta da ozar kanti. Ozarta ita ce ta maƙera, wadda ake kira troy, giram 31.1 ke nan. Ana raba oza ɗaya gida ashirin, kowane kashi giram 1.555, a takardu ana gajarta shi da dwt. In ka ga an rubuta 26 oz 10 dwt, oza ashirin da shida da rabi ake nufi, wato giram 824. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a lissafa da ozar kanti mai giram 28.35. Wanda ya yi haka zai ga kamar kayan sun ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma, ya fara zargin an yi musu ƙari, alhali lissafinsa ne ya karkace.

Kuɗin ba baƙo ba ne ga wanda ya ji labarin zamanin fam da sule a ƙasar Hausa, domin tsarin ɗaya ne: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, sisi kwabo 6. Gini ɗaya sule 21 ce. A lokacin, gidan buga kuɗi na Ingila yana ƙiyasta ozar azurfa mai kyau a kan sule 5 da kwabo 2, farashin kasuwa kuma yakan ɗan haura hakan. Da wannan za ka iya auna kowace magana da aka faɗa a kotu. Babbar moɗar giya mai murfi, mai oza 26, ƙarfenta kaɗai ya kai fam 6 da sule 14 da kwabo 4, kusan abin da 'yar aikin gida take samu a shekara guda. To in wanda ake tuhuma ya ce ya saye ta fam uku bai san ta sata ba ce, ka ga inda maganarsa ta yi rauni. Ba mai sayar da azurfarsa ta halak a rabin kuɗin ƙarfenta alhali ga shagon maƙeri a bakin titi.

Sunan laifin yana gaya maka abin da ya faru

A dokar Ingila ta lokacin, fasa gida da dare laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa rataya ko da abin da aka ɗauka bai taka kara ya karya ba. Sai abu uku sun haɗu: gidan kwana ne, an buɗe abin da yake rufe, kuma dare ne. Ɗaga sakata ko cire gilashin taga ko durowa ta bututun hayaƙi duk fasawa ne. Shiga ta tagar da aka bari a buɗe ba fasawa ba ne. Dare kuma ba da agogo ake gane shi ba, sai a 1837 aka tsayar da shi daga ƙarfe tara zuwa shida na safe. Kafin nan ma'aunin shi ne ko akwai hasken rana da zai isa a gane fuskar mutum. Shi ya sa za ka riƙa cin karo da tambayoyin da suke kama da ɓata lokaci: wa ya kwanta ƙarshe, ya tabbata ya rufe tagar kicin, da aka tashi gari ya waye ko da saura. Ran mutum ne yake rataye a kan waɗannan amsoshi.

Akwai kuma dokar 1713, wadda ta sa satar kayan da suka kai sule 40 a cikin gidan kwana ta zama ta kisa ko ba a fasa komai ba. An yi ta ne musamman saboda barori. Yi lissafin da kanka: sule 40 bai kai oza takwas ba, babban cokalin cin abinci kuma yakan yi kamar oza biyu. Cokali huɗu sun isa su kai baiwar Allah ga igiya. Saboda haka in ka ga mutum goma sha biyun nan masu yanke hukunci sun ce sun same shi da laifin satar kayan sule 39, alhali takardar tuhuma ta lissafa azurfar fam goma, kada ka ɗauki 39 ɗin a matsayin farashi. Tausayi ne aka rubuta da lamba. Wanda ya tattara irin waɗannan alƙaluma ya fitar da matsakaicin darajar kayan sata, aikinsa ya tashi a banza.

Shi ɓarawon zaune doka ta daɗe ba ta san inda za ta kama shi ba. A 1691 aka mai da shi mai taimakon ɓarawo bayan aikata laifi, wanda ke nufin sai an kama ɓarawon an same shi da laifi kafin a taɓa mai saye. A 1702 aka ba da damar a gurfanar da shi shi kaɗai, amma da ƙaramin laifi. Dokar 1718 ta yanke masa korar shekara 14 zuwa ƙetare, wato Amurka har zuwa 1776, sannan Ostireliya daga 1787. Sai a 1827 karɓar kayan sata ya tsaya sosai a matsayin babban laifi da ƙafarsa. Sanin wannan jeri yana hana ka mamakin ganin yaron da ya haura katanga ya tafi Tyburn, wurin da ake rataye masu laifi, wanda ya narkar da kayan kuma ya koma shagonsa.

Shiga kundin Old Bailey

An buga rahotannin wannan kotu daga 1674 zuwa 1913, shari'o'i sama da 197,000, kuma duk suna kan intanet kyauta a shafin Old Bailey Online. Kowace shari'a tana da lamba mai farawa da harafin t, sai shekara da wata da ranar da zaman ya fara, sai lambar shari'ar a wannan zama. Ka rubuta wannan lamba tun kafin ka karanta komai, don da ita za ka dawo.

Da Turancin lokacin za ka yi nema. Kalmar da suke kiran kayan azurfa da ita ita ce "plate", kuma ba faranti take nufi ba, ba kuma abin da aka shafa wa ruwan azurfa ba. Azurfa ce ƙerarriya kowace iri. Haɗa ta da "melted" ko "melting pot" in narkarwa kake nema. Kalmar "stopped" tana da amfani ƙwarai, domin ita mai karɓar jingina yake faɗa in ya riƙe kaya ko mai kawo su ya aika a kira ɗan doka. A wajen zaɓen nau'in laifi, ka duba fasa gida da dare, fasa gida da rana, sata a cikin gida, da karɓar kayan sata, kowanne daban. Ka taƙaita shekaru zuwa goma goma, in ba haka ba sakamakon zai fi ƙarfinka.

Ga inda ake tuntuɓe. Kotun tana sauraron laifukan tsohon birnin Landan da gundumar Middlesex ne kawai har 1834. Satar da aka yi a Southwark, tsallaken kogin Thames, tana kotun Surrey, ba za ka same ta a nan ba. Kayan matar aure da sunan mijinta ake rubuta su a takardar tuhuma, ko da ita ce mai shagon kuma ita ce ta ba da shaida, don haka ka nemi sunan mijin. Sunaye ba su da tsayayyen rubutu, mutum ɗaya yakan fito da siffa uku, ga kuma sunayen ƙarya. A hoton asalin shafin, tsohon harafin s dogo ne mai kama da f. Sannan kafin 1752 sabuwar shekarar hukuma tana farawa ne ran 25 ga Maris, wanda ke nufin wasiƙar da aka rubuta wa Fabrairu 1724 a wajenmu Fabrairun 1725 ce. Wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun nemi shari'a a shekarar da ba ita ba.

Rahotannin farko gajeru ne, wani bai wuce layi biyar ba. Daga wajen 1730 suka fara kawo maganar shaidu da tsawo. Ko a lokacin ma ɗan kasuwa ne yake bugawa don a saya, yana datse abin da ya ga ba zai ja mai karatu ba, kuma maganar wanda ake tuhuma ita ta fi shan almakashi. Hukuncin da aka yanke ma ba shi ne ƙarshen labari ba, da yawa daga waɗanda aka yanke wa rataya an sassauta musu zuwa kora. Don sanin makomar mutum sai ka bi shi zuwa shafukan London Lives da Digital Panopticon, ko bayanan limamin kurkukun Newgate, wanda yakan rubuta tarihin waɗanda aka rataye.

Abin da za ka tsamo daga bakin shaidu

Ɗauki takarda ka ja layi biyar: kayan, nauyinsu, alamar da ke jiki, hannun da suka bi, da kwana nawa tsakanin sata da ganowa. Layi na ƙarshe shi ya fi koyar da mutum. Kayan da aka gano da siffarsu galibi cikin 'yan kwanaki aka tare su. Bayan haka sai ka ji ana maganar gutsattsari, ko dunƙule, ko marfin buta da aka tsinta an bubbuge shi.

Wannan tsere yana da tsari. Ƙungiyar maƙeran zinariya da azurfa ta Landan, mai hedikwata a Goldsmiths' Hall, a lokacin tana da masu yawon cigiya. Wanda aka yi wa sata ya je ya biya, a buga ƙaramar takarda mai bayanin kayan da tukuicin da zai bayar, a rarraba wa maƙera da masu karɓar jingina da masu tace ƙarfe cikin 'yan sa'o'i. Jaridu ma suna ɗauke da irin wannan cigiya, daga baya kuma ofishin Bow Street na alƙali Henry Fielding da ƙaninsa John ya riƙa tattara rahoton sata yana yaɗawa. In shaida ya ce takarda ta iso shagonsa da safe, da rana kuma wata mata ta shigo da cokula shida an goge musu haruffa, to ka sami cikakkiyar sarƙa. Lura da tambayoyin da mai shago ya ce ya yi: na wane ne, a ina aka saya, nawa aka saya. Amsa ta gaskiya ba ta wuya. Mai cewa gadon kakarsa ne alhali bai san haruffan da ke jiki ba, shi ake riƙewa.

Kada ka ɗauki kowane mai shago da ya zo shaida a matsayin mutumin kirki. Wani ya sayi kaya sau tara bai yi tambaya ba, a na goma da ya ga cigiya ta yi zafi sai ya zama mai taimakon hukuma. Alamomin da kotu take dubawa su ne farashin da ya gaza kuɗin ƙarfe, ciniki da tsakar dare ko ta ƙofar baya, rashin rubutawa a littafin shago, da gaggawar narkarwa. Haka kuma ka yi hattara da abokin sata da ya juya ya zama mai ba da shaida don ya tsira da wuyansa, da masu farautar ɓarayi don lada. Daga 1706 aka riƙa ba da tukuicin fam 40 ga wanda ya sa aka sami mai fasa gida da laifi, kuɗin da ya isa ya sa a ƙulla wa marar laifi sharri, kamar yadda asirin ƙungiyar Stephen MacDaniel ya tonu a 1754.

Jonathan Wild shi ne misalin da ya kamata kowa ya karanta, domin ya gano cewa mai kaya ya fi kowa son kayansa. Maimakon ya sayar, sai ya buɗe ofishin nemo ɓatattun kaya, yaransa su sata, shi kuma ya karɓi lada ya mayar. Abin da ba a zo nema ba, cikin tuhumar da aka jera masa har da cewa yana da masu sana'a da yake biya su sauya kamannin agogo da zobba da gwangwanayen taba, yana kuma da jirgin ruwa mai kai kaya Holan. Dokar 1718 tana da sashen da ya mai da karɓar lada don mayar da kayan sata ba tare da gurfanar da ɓarawon ba laifin kisa, kuma da shi aka kama shi, a kan gini goma da ya karɓa don mayar da leshi. An rataye shi a Tyburn ran 24 ga Mayu 1725, wata shida bayan an rataye shahararren ɓarawo Jack Sheppard, wanda satar farko da aka san shi da ita cokula biyu ne na azurfa daga wata mashaya a Charing Cross. Mashayu dama wurin ɓacewar azurfa ne. Dokar 1696 ta hana su fito da kayan azurfa ga masu shaye-shaye in ban da cokula, amma shari'o'in satar moɗa daga mashaya ba su yanke ba.

In kayan suna hannunka

Tanadi gilashin ƙara girma mai ninki goma, sikeli mai auna giram, tocila ƙarama, da kyalle mai laushi. Kada ka goge kayan kafin ka duba su. Dattin da ya kwanta a lunguna shaida ne.

Fara da hatimai. Azurfar Landan ta ƙarni na 18 tana ɗauke da huɗu: zaki mai tafiya, wanda ke nuna azurfa kashi 925 cikin dubu, kan damisa mai kambi, wanda shi ne alamar Landan, harafin shekara, da haruffan maƙeri. Daga 1697 zuwa 1720 an tilasta azurfa mafi tsabta, kashi 958, don a hana maƙera narkar da kuɗin ƙasa su yi kwanuka, kuma a wannan tsakani za ka ga hoton mace zaune da kan zaki a maimakon biyun farko. Daga Disamban 1784 zuwa 1890 an ƙara na biyar, kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji. Kambin damisa ya fita a 1821. Anga ta jirgin ruwa alamar garin Birmingham ce, kambi shi kaɗai kuma ta garin Sheffield, dukansu daga 1773.

A Landan ta lokacin, harafin shekara yana zagayawa duk shekara ashirin, daga A zuwa U ba J, kuma ana sauya shi a ƙarshen Mayu, don haka kowane harafi ya hau shekara biyu. A nan ake yawan faɗuwa, saboda harafi ɗaya yana dawowa da siffa mai kama. Ƙaramin k na iya zama 1745, ko 1785, ko 1825. In babu kan sarki, 1745 ne. In akwai kan sarki kuma damisa tana da kambi, 1785. In akwai kan sarki damisa kuma ba kambi, 1825. Siffar garkuwar da ta kewaye harafin ma tana bambanta, sai ka gwada da jadawalin hatimai. Amfanin wannan ga mai bin sawu a fili yake: butar da aka buga wa hatimi a 1785 ba za ta zama wadda aka sace a 1760 ba, komai kamar da suka yi.

Sai ka kifa kayan ka nemi lambobin da aka karta da tsinin ƙarfe a gindi, irin su 26=10 ko 26:10. Nauyin kayan ne lokacin da suke sababbi ko lokacin da aka yi ƙidayar kayan gida. Ɗora a sikeli ka kwatanta da giram 824 ɗin da muka lissafa. Ragin giram ashirin ko talatin a irin wannan nauyi aikin shekaru ne na gogewa. Ragin giram ɗari yana nufin an cire wani abu, ko murfi ya ɓata, ko an kankare fuska da yawa. In kuwa nauyin ya ƙaru, an yi ƙari: an dasa wa moɗa baki ta zama buta, ko an sa faci, ko an sake gindi. A tire da faranti masu jeri, lambar takan zo da lambar ɗan jerin, kamar No 7, wanda ke gaya maka cewa akwai 'yan uwansa aƙalla shida a wani wuri.

Yanzu nemi inda tambarin gida ya kamata ya kasance, wato gaban moɗa daura da mariƙi, tsakiyar tire, cikin buta, ko bayan ƙotar cokali. Masu hali suna sa a zana tambarin zuriyarsu, masu matsakaicin ƙarfi kuma haruffa uku a jere kamar dala, na sama sunan iyali, na ƙasa miji da mata. Wannan zane shi ne abin da mai kaya yake rantsuwa a kansa a kotu, shi ne kuma abin da ake fara kawarwa. Kankarewa tana cin ƙarfe. Sa babban yatsa a ciki, ɗan manuni a waje, ka matsa a hankali. In wurin ya ɗan lotsa ya dawo, ko ka ji ya fi kewayensa siranta, an kankare. Haska tocila a karkace, za ka ga ɗan kwari mai santsi wanda ba shi da ƙananan ƙarce-ƙarcen da suka rufe sauran jikin, launinsa ma yakan fi fari. Wani lokaci inuwar tsohon zanen tana nan daga ciki. Sannan huro numfashi a wurin. Tururin bakinka yakan fito da siririn layi inda aka like faci, domin abin likin ba ya ɗaukar hazo daidai da azurfa.

A nan ne ya kamata mutum ya ja linzami. Kankararren tambari ba hujjar sata ba ne. Iyalai sun sayar da azurfarsu don biyan bashi, magada sun goge na iyaye sun sa nasu, dillalai sun share don su sami mai saye. Abin da zai ɗan karkata zato shi ne aikin gaggawa, kamar sawun magagari da ba a bi da gogewa ba, ko haruffan da aka kankare rabi aka bar rabi. Maƙerin da mai kaya ya biya yana da lokacin gama aikinsa.

Haka ma hatimin da aka dasa. In ka ga hatimai a kan wani ɗan faifai da aka like tsakanin ciki da gindin buta, ko sun miƙe sun karkace kamar an ja su, ko suna wurin da ba a saba bugawa ba, an ciro su ne daga wani abu. Mafi yawan irin wannan daga 1720 zuwa 1758 gudun haraji ne. Ana karɓar sisi a kan kowace oza, sai maƙeri ya kai ƙaramin abu a buga masa hatimi, ya yanko wurin ya dasa a babbar buta. A buta mai oza 80 ya tsira da fam biyu. Laifi ne, amma laifin maƙeri ne da gwamnati, ba na mai fasa gida ba. A cokula, hatimi yana can ƙasan ƙota kusa da baki har wajen 1781, daga nan ya koma sama. Cokali mai yatsu da hatiminsa ya nuna siffar da ba ta dace da shekarar ba, sau da yawa cokalin miya ne aka yanka.

Kada ka ɗiga ruwan gwaji mai cin ƙarfe a tsohon abu, kada kuma ka karce shi, tabon ba ya fita. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka bai raba gardama ba. Ga abin da ba shi da rami a ciki, kamar cokali, auna shi a sikeli, sannan ka rataye shi da zare cikin kofin ruwa da ke kan sikelin ba tare da ya taɓa gindi ba, ka raba nauyin farko da abin da sikelin ya ƙaru. Azurfar 925 takan ba da wajen 10.3, jan ƙarfe bai kai 9 ba. Mariƙi mai rami ko gindin mazaunin kyandir da aka cika da ƙaro yana ɓata wannan gwaji gaba ɗaya. Ka kuma duba gefuna da wuraren da hannu ya cinye. In ja yana leƙowa, jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da azurfa, irin na Sheffield da aka fara wajen 1743, ko na lantarki da ya zo bayan 1840. Ɓarawon zaune ba ya ba da kuɗin kirki a kan irin wannan, shi ya sa a shari'o'in ƙarshen ƙarnin za ka ga an tsince shi a yashe.

Haɗa takarda da ƙarfe

Kafin ka ce wannan abu shi ne wancan da aka ambata a shari'a ko a cigiya, sai huɗu sun dace: nau'in kayan, nauyi har zuwa dwt, tambari ko haruffa, da shekarar hatimi da ta riga ranar sata. Uku cikin huɗu zato ne. Cokula da ƙananan kofuna an yi su dubbai da nauyi kusan ɗaya, don haka dacewar nauyi a cikinsu ba ta da ƙarfi kamar a babban tire ko tukunyar miya. Takardar tuhuma takan ba da ƙima kawai, cigiyar jarida ita ta fi kawo nauyi da bayanin tambari, saboda haka in ka sami ranar sata a kundin kotu, koma jaridun makon ka nemi sanarwar. In tambarin zuriya ya tsira, littattafan tambura na Ingila za su kai ka ga iyalin, daga nan kuma ga takardun ƙidayar kayansu a ma'ajiyar tarihin gundumarsu, inda akan jera azurfa da nauyin kowace.

Mai niyyar saye ko sayarwa yana da ƙarin mataki biyu. A Birtaniya, dokar hatimi ta 1973 ta hana a sayar da abin da aka dasa wa hatimi ko aka yi wa ƙari ba da izini ba a matsayin azurfa mai hatimi, kuma akwai kwamitin tsofaffin kayan azurfa a Goldsmiths' Hall, tun 1939, da ake aika wa abin da ake shakka ya duba. Sannan satar da ta fi shafar mai saye a yau ita ce ta shekarun nan. Ka nemi rasit da tarihin hannun da kayan suka bi, in kuma abu ne mai tsada ka sa a duba shi a Art Loss Register, rajistar kayan fasaha da na tarihi da aka sace, kafin kuɗi su fita daga hannunka. Ɗauki hoton hatimai, da lambar gindi, da tambari, ka rubuta nauyin da giram da kuma oza, ka ajiye takardar a wani wuri daban da inda kayan suke.